Baƙar Bazawara ta Dajin Phinda da Gizo-gizon Rumbunanmu

Jama'a masu saurarenmu a cikin garin Daura da Sandamu da Mai'adua da Zango da Baure, da 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka da muryar nan ke isa gare su, sharhinmu na yau a kan wata 'yar halitta ce da yawancinmu ba ma ɗaga kai mu dube ta sai in za mu kai mata tsintsiya, wato gizo-gizo.

A shekarar 2019 wasu masana a Afirka ta Kudu suka fitar da bayanin wani sabon nau'in gizo-gizo a mujallar kimiyya mai suna Zootaxa, suka raɗa masa suna Latrodectus umbukwane. Da aka ce sabo, ba ana nufin jiya aka halicce shi ba. Allah Ya halicce shi tun da daɗewa, ilimin ɗan Adam ne bai iske shi ba sai yanzu. Yana cikin dangin nan masu dafi da Turawa ke kira baƙar bazawara, saboda a wasu nau'o'insu macen kan cinye namijin bayan sun yi barbara.

An fara ganin sa ne a 2014 a gandun giwaye na Tembe, can arewacin lardin KwaZulu-Natal, dab da iyakar Mozambik. Wata mata mai suna Barbara Wright, da ke aiki da ƙungiyar kare namun daji ta Wild Tomorrow Fund, ita ce ta riƙe maganar ba ta sake ta ba. Ta haɗa kai da masana irin su Ian Engelbrecht da Robin Lyle, aka ci gaba da nema har aka samo wasu a gandun dajin Phinda. Daga ganin farko zuwa fitar da bayani shekara biyar aka yi. Macen baƙa ce wuluk mai sheƙi, da jan zane a jikinta, kuma tana cikin mafiya girma a danginta kaf. Abin da ya fi ba masanan mamaki shi ne jakar ƙwanta: idan ta saƙa ta sabuwa, launinta shunayya ne mai haske, sai daga baya ta koɗe ta koma ruwan toka. Mazauninta kogon manyan itatuwa ne, a wani irin daji da ke tsiro kan tsohon rairayi, wanda ba a samun sa sai a wannan ɗan yanki da kudancin Mozambik. Dajin kuwa ƙanƙancewa yake yi. In ya ƙare, ita ma ta ƙare.

To, me ya haɗa mutumin Daura da gizo-gizon da ke kogon itace a ƙarshen nahiya? Ku ba ni aron kunnuwanku.

Afirka ta Kudu ita ce ƙasar da ta fi kowace a nahiyarmu bincike kan gizo-gizo. Tun 1997 suka kafa shiri na ƙasa baki ɗaya don ƙidaya gizo-gizo da kunamu da danginsu, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Ansie Dippenaar-Schoeman, kuma sun rubuta nau'in gizo-gizo sama da 2,000 a ƙasarsu kaɗai. Suna da gidajen adana samfur, suna da masana, suna da kuɗin bincike. Duk da haka ƙatuwar baƙar bazawara mai jan zane da ƙwai shunayya ta ɓoye musu har 2014. Idan haka ta faru a inda ake dubawa dare da rana, me kuke tsammani yake cikin kogon kukokinmu, da ƙarƙashin ɓawon gawo da marke, da bakin madatsar ruwa ta Sabke da ta Daberam, inda ba kasafai ake leƙawa da idon bincike ba?

Akwai kundin gizo-gizo na duniya da gidan tarihin halittu na birnin Bern a Suwizalan ke kula da shi. A 2022 adadin nau'o'in da aka rubuta a cikinsa ya cika 50,000, kuma masu kula da shi sun kiyasta cewa waɗanda ba a gano ba za su kai kusan wannan adadin. A dangin baƙar bazawara kaɗai, mai nau'i talatin da 'yan kai, an ƙara biyu daga Kolombiya a 2021, aka ƙara ɗaya daga Meziko a 2023. A nan Najeriya, wani babban aiki da aka yi shi ne na Wanda Wesołowska 'yar ƙasar Poland da Anthony Russell-Smith ɗan Birtaniya, waɗanda a 2011 suka wallafa bayanin gizo-gizo masu tsalle na kudancin ƙasar nan, da dama daga cikinsu sababbi ga kimiyya. Ku lura: kudanci, kuma baƙi ne suka yi. Ƙasarmu ta arewa mai rairayi da ƙayoyi halittunta daban ne da na kurmi, kuma aikin rubuta su yana jiran masu shi.

Wannan abu yana damu na ƙwarai. Mu mutanen da muka adana labarin macijin rijiyar Kusugu shekaru aru-aru, har baƙi na zuwa daga nesa su ga rijiyar. Mu ne muka ɗauki Gizo muka mai da shi gwarzon tatsuniya, muka aura masa Ƙoƙi, muka ba shi wayo da haɗama da tsamin baki. A makarantar allo yaro ya san akwai sura sukutum mai sunan gizo-gizo, Suratul Ankabut, kuma ya ji labarin da ya zo a littattafan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na saƙar da aka gani a bakin kogon Sauru lokacin hijira. Gizo-gizo ya daɗe da shiga zancenmu. Amma ka tambayi ɗalibin sakandare ya bambance maka mai dafi da marar dafi cikin waɗanda ke ɗakin kwanansa, sai ya tsaya yana kallon ka. Laifin ba nasa ba ne, ba a koya masa ba.

Bari mu zo kan abin da ya shafi lafiya, don na san shi ne ya fi tsaya wa uwargida da malam manomi a rai.

Gizo-gizo kusan duka suna da dafi, da shi suke kama abinci. Amma mafi yawansu haƙoransu ba sa iya huda fatar mutum, ko kuma dafin bai wuce ya yi ɗan ƙaiƙayi ba. 'Yan kaɗan ne ke iya kwantar da mutum, kuma dangin baƙar bazawara suna gaba a cikinsu. Macen ce abin tsoro, namijin ɗan ƙarami ne ƙwarai, cizonsa bai cika yin komai ba.

A dangin akwai wata 'yar'uwarta mai launin ƙasa-ƙasa, masana na kiran ta Latrodectus geometricus, an rubuta bayaninta tun 1841. Ita ce ta fi kamata mu sani, domin ta bazu a ƙasashe masu zafi na Afirka da sauran duniya, kuma ba ta gudun mutane, gidajensu ma take so. Cikinta ƙulu-ƙulu ne, ƙafafunta sirara masu ratsin baƙi a gaɓoɓi, a ƙarƙashin cikin kuma akwai tambari ja ko ruwan lemo, mai faɗi sama da ƙasa, tsukakke a tsakiya kamar kalangu. Saƙarta ba irin mai kyan tsari da kuke gani a gona da safe ba ce. A hargitse take, zare nan zare can, amma da ƙarfi in ka taɓa ta da tsinke. Alamar da ba ta ɓata kuwa ita ce jakar ƙwanta: 'yar ƙwallo ce fara-fara ko ruwan ƙasa, jikinta duk 'yan tsinaye. Duk inda kuka ga wannan jaka mai tsinaye, uwar tana kusa. Wuraren da take so su ne inda babu haske kuma ba a yawan taɓawa: ƙarƙashin kujerar roba, cikin tsohuwar taya, hannun bokiti, bayan randa, gindin rumbu, tsakanin ƙiraren da aka jibge, cikin takalmin da ya kwana biyu ba a sa ba, da bakin masai. Dafinta yana da ƙarfi, sai dai kaɗan take zubawa, shi ya sa cizonta bai kai na baƙaƙen tsanani ba. Kuma matsoraciya ce, in aka taɓa ta sau da yawa naɗe ƙafafu take yi ta faɗi kamar ta mutu. Ba ta cizo sai an matse ta da jiki.

Maganar masai ba wasa ba ce. A Amurka, a farkon ƙarnin da ya wuce, lokacin da mutanen karkara ke amfani da masai na bayan gida irin namu, cizon baƙar bazawara da yawa a nan yake faruwa, domin ƙudaje na taruwa a wurin, ita kuma tana kafa saƙarta a bakin ramin. Da gidaje suka sauya tsari, irin wannan cizo ya ragu. Don haka share bakin masai da rufe shi da murfi ba tsafta kaɗai ba ce, kariya ce.

Yaya dafin yake aiki? A jikinmu jijiyoyin da ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa tsoka suna sakin wani sinadari kaɗan-kaɗan, gwargwadon buƙata. Dafin baƙar bazawara, wanda masana ke kira latrotoxin, yana zuwa ƙarshen jijiyar ya huda ƙofa, sai sinadarin ya kwararo gaba ɗaya babu tsayawa. Tsoka ta ɗaure ta ƙi saki. Wurin cizon kansa ba ya nuna wani abin a zo a gani, wani lokaci ma mutum bai san an cije shi ba. Amma cikin sa'a guda ko makamancin haka zafi ya fara hawa daga wurin zuwa hantsa ko hammata, ya shiga baya da ƙirji da ciki. Ciki ya yi tauri. Gumi ya yi ta karyowa, wani lokaci a gaɓar da aka ciza kaɗai. Ga tashin zuciya, ga hawan jini, ga rashin natsuwa. Likitoci sun rubuta lokutan da aka ɗauka ciwon ciki ne mai buƙatar tiyata, alhali gizo-gizo ne. A 1933 wani likita a Jami'ar Alabama, Allan Blair, ya sa baƙar bazawara ta cije shi a yatsa da gangan don a rubuta abin da zai faru. Sai da aka kwantar da shi a asibiti, kuma azabar da ya sha ta hana shi maimaita gwajin. Raina kama ka ga gayya.

Amma ku kwantar da hankalinku: mutuwa daga wannan cizo abu ne mai wuyar faruwa. Yawancin waɗanda aka ciza suna warkewa cikin 'yan kwanaki. Waɗanda ake ji wa tsoro su ne ƙananan yara, da tsofaffi, da masu ciwon zuciya ko hawan jini, da mata masu juna biyu. A Ostireliya, inda suke da tasu mai jan baya, an samar da allurar karya dafin tun 1956, kuma a Afirka ta Kudu ma ana yin irin wannan allura a Johannesburg. Ko inda babu ita, asibiti na da maganin rage zafi da sassauta tsoka, kuma suna iya sa ido kan numfashi da bugun jini har dafin ya fita.

Saboda haka in abin ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora tsumma mai sanyi, a nufi asibiti mafi kusa, musamman in yaro ne. Kada a tsaga wurin da reza, kada a tsotsa, kada a ɗaure gaɓar tamau da igiya ko roba. Tsagawa ba ta fitar da dafin da ya riga ya bi jiki, sai dai ta buɗe ƙofa ga wata cutar. Ina girmama iyayenmu masu maganin gargajiya, da yawansu sun san itatuwa da saiwoyi fiye da yadda mu 'yan boko muka sani. Roƙona gare su shi ne, in suka ga yaro yana gumi, cikinsa ya ɗaure, numfashi na yi masa wuya, su ce da iyayensa a tafi asibiti yanzu, ba gobe ba. In an ga abin da ya yi cizon, a ɗauki hotonsa da waya, ko a tura shi cikin kwalba da tsinke, ba da hannu ba, a tafi da shi.

Akwai kuma wani laifi da muka daɗe muna ɗora wa gizo-gizo. Mutum ya tashi da safe ya ga ƙuraje masu ruwa sun yi layi a wuyansa ko fuskarsa, ana zafi kamar ƙuna, sai a ce tautau ne ya yi masa fitsari. Sau da yawa ba haka ba ne. Akwai wani ɗan ƙwaro siriri mai launin baƙi da ja da ke zuwa wurin fitila da daddare, musamman da damina. Ba ya cizo, amma in ka murƙushe shi a jikinka ruwan cikinsa na ƙona fata, ya bar tabo a layi daidai inda hannu ya bi. Maganinsa shi ne a hure shi ko a kaɗe shi, kada a mitsike. Wani lokacin kuma ƙwayar cutar ƙarambau ce da ta kwanta a jijiya tun yarinta, ta farka bayan shekaru ta fito da ƙuraje a gefe ɗaya na jiki. Wannan tana da magani a asibiti, kuma an fi cin moriyarsa in an je da wuri. Wanda ya zauna yana zagin tautau, lokacin maganin ne ke wuce shi, in kuma kusa da ido ne abin na iya taɓa gani.

In ana maganar dafi a ƙasar nan, gaskiya maciji da kunama sun fi gizo-gizo ɓarna nesa ba kusa ba. Kububuwa kaɗai ta isa misali, ku tambayi mutanen Kaltungo a jihar Gombe inda asibitin masu saran maciji yake. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin manyan cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma masana irin su Farfesa Abdulrazaq Habib na Jami'ar Bayero sun yi shekaru suna wannan fafutuka. Na kawo wannan ne don kada wani ya kashe rediyo ya ɗauki maganin feshi ya bi gida lungu-lungu. Wannan zai zama asara. A 2017 wasu masana biyu, Martin Nyffeler da Klaus Birkhofer, sun kiyasta cewa gizo-gizon duniya na cin tan miliyan 400 zuwa 800 na ƙwari da makamantansu a kowace shekara. A gonar wake da ta gero da ta riɗi, gizo-gizo ɗan ƙwadago ne da ba ya karɓar lada. A gaɓar tafkin Victoria, a Kenya da Uganda, akwai wani ɗan gizo-gizo mai tsalle da aka rubuta bayaninsa a 2003, wanda abincin da ya fi so shi ne macen sauro da ta sha jini ta ƙoshi, irin sauron nan mai kawo zazzaɓin cizon sauro. Manomin da ke feshi ba ƙaidi yana kashe maƙiyi da masoyi tare, kuma maƙiyin ne ke riga dawowa.

Idan kaka ta ƙarato, ana ɗaure dammuna, ana gyaran rumbu, ana jibge kara, nan ne hannu ke shiga wuraren da bai saba shiga ba. A riƙa duba wuri kafin a zura hannu. A kakkaɓe takalmi da tufafin da aka rataye. A ɗaga tabarmar yara daga jikin bango. Wannan ɗabi'a ɗaya tana kare mutum daga kunama da maciji da gizo-gizo gaba ɗaya.

Sauran maganata ga malamai da ɗalibai ce. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Daura, muna da makarantar koyon aikin lafiya, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua a Katsina, ga Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. Kowace shekara ɗaliban ilimin halittu na neman abin da za su rubuta a kai don kammala karatu, kuma da yawa suna maimaita abin da aka riga aka yi sau goma. Ga fili nan a buɗe. Ɗalibi ɗaya ya ɗauki rumbunan ƙauye guda a Baure. Wani ya ɗauki kogon itatuwa a hanyar Zango. Wata ta zauna da ma'aikatan asibitocin karkara ta rubuta cizo da harbin da ake kawo musu, da watan da aka fi kawowa, da abin da aka yi wa mutum kafin a kawo shi. Wani kuma ya zauna da tsofaffi da mafarauta da makiyaya ya rubuta sunayen da suke kiran waɗannan halittu da abin da suka lura da shi na halayensu, tun waɗanda suka sani suna raye. Itatuwan da ke da kogo su ne tsofaffi, su ne kuma gatari da masu gawayi suka fi nema. Duk tsohuwar bishiyar da ta faɗi, da mazauna cikinta take tafiya.

Aikin ba ya buƙatar miliyoyi kafin a fara. Abin da masana ke bi kafin su ce nau'i sabo ne sananne ne: a samo mace da namiji baligai, a duba su a madubin ƙara girma, musamman gaɓoɓin haihuwarsu domin a nan bambancin nau'i ya fi fitowa, a gwada da bayanan waɗanda aka riga aka sani, in da hali a duba ƙwayoyin gado, sannan a ajiye samfur a gidan adana kayan kimiyya inda wani zai iya zuwa ya tabbatar. Matakin farko kuwa kowane malamin sakandare zai iya yin sa da ɗalibansa. Ƙaramar kwalba mai murfi, da sifirit irin na asibiti, da tsinke ko ɗan buroshi, da ido mai lura. A ɗauki hoton halittar da saƙarta da jakar ƙwanta tun tana raye, domin launi na gushewa a cikin sifirit. Kada a bar yara su kama da hannu, kuma kada a kwashe duk abin da aka gani, ɗaya ko biyu sun isa. Sannan a yanki 'yar takarda a rubuta sunan gari da unguwa, da kwanan wata, da inda aka same ta, ko gindin rumbu ne ko kogon kuka, da sunan wanda ya samo, a jefa takardar cikin kwalbar tare da ita. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba shi da amfani ga mai bincike. Kuma da fensir za a rubuta, don tawadar biro narkewa take yi a cikin sifirit.